Darasin Mako na Tara

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Ɗakin sanyi ya ƙone jiya da yamma. Tun da safe na rubuta wannan jimla, na kasa ƙara mata komai sai yanzu da aka tashi hutun cin abinci.

Ya kamata in faɗi daidai: ba duka ya ƙone ba. Injin da ke sanyaya ɗakin ne ya kama, wutar ta bi waya ta ci bangon gabas da kantoci uku. Sauran kantocin zafi da hayaƙi ne suka same su, sai kuma ruwan da aka watsa. Ambulan dubu ɗaya da ɗari da arba'in na iri ke ciki: gero, dawa, wake, riɗi, waɗansu an karɓo su daga hannun manoman da yau ba su da rai. Shekara tara ke nan ina riƙe da mabuɗin ɗakin a matsayin mai kula da ajiyar iri na wannan tashar binciken noma.

Maigadi ne ya ga hayaƙin, ya kira Baba mai wuta, wanda ke kula da wayoyin tashar shekara talatin da ɗaya. Baba ya zo a guje, ya kama babban makunni da hannu ya sauke shi. Fatar tafin hannunsa na dama ta saluɓe. An ce ba domin shi ba, da ɗakin gwaje-gwaje ma ya tafi.

Yau na riga kowa isowa. Na shiga, na yi minti goma ko ƙasa da haka, na fito da jakata a rataye.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe shida da kwata na safe

Jakar tana saman durowar tufafi, bayan bargo. Na sa ta cikin leda biyu na ƙulle.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Darakta ya tara mu, ya ce an kafa kwamiti, kuma hedkwata za ta turo injiniya. Wani daga sashen ƙasa ya ce, "Wane irin injiniya kuma, ga namu na gida? Injiniyan Intanet, ba ka ce komai ba." Aka yi dariya. Ni ma na yi, ina fata ta fito yadda dariya take fitowa. Mai kaza a aljihu, an ce, ba ya jimirin as.

Baba ne ya raɗa mini sunan. Ilimin tsirrai na karanta a jami'a, amma shekara biyu da suka wuce na fara bin kwasa-kwasan injiniyan lantarki da na kwamfuta ta intanet, awa ɗaya kowace safiya kafin in fita aiki. Na gama huɗu. Na buga takardun shaidarsu, na sa a gilashi, na rataye a falo. Maiɗakina ta ce sun fi hotunan 'yan biyunmu samun wuri mai kyau. Idan na kai wa Baba wata tambaya, yakan saurara har in gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, wutar cikin allo ba ta cizo." Ban taɓa jin haushi ba. Ko kuwa na ji, kaɗan.

Zan rubuta wani abu a nan sau ɗaya, domin ya zama a rubuce. Injin ɗakin sanyi yana da tsohon makunnin kariya na ƙarfe. Idan wuta ta yi rauni sai ya faɗi, kuma ba ya tashi sai mutum ya zo ya ɗaga shi. A ƙarshen mako ɗakin yakan yi kwana biyu da ɗumi, iri kuwa ba ya son haka. Na rubuta ƙorafi sau uku. Wata huɗu da suka wuce na haɗa wani akwati, bai fi wannan littafin girma ba, wanda ke kashe injin idan wuta ta yi rauni, ya kunna shi idan ta daidaita, ya kuma aiko mini da saƙo ta waya. Wata Asabar na cire tsohon, na kafa nawa. Ban gaya wa kowa ba. Niyyata in tara bayanan wata shida, in je wa Darakta da hujja a hannu.

Ranar Lahadi, ƙarfe biyu da minti goma sha huɗu, saƙo ya shigo: "Wuta ta yi rauni. An kashe inji." Na karanta, na ji daɗi, na ci gaba da cin abincina.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Injiniyar ta zo. Mace ce, ba ta da yawan magana, tana rubutu da fensir. Ta yi awa biyu a ɗakin, ta fito ta ce ta tarar da wayar injin an murɗe ta kai tsaye da babban layi, babu wata kariya a tsakani. Ta tambayi wanda ke da alhakin wayoyin tasha. Aka faɗa mata.

An kai wa Baba takardar dakatarwa har gida, hannunsa a naɗe.

Ranar Litinin ɗin, da na cire akwatin na murɗe wayar, abin da na yi tunani kawai shi ne kada a ga bakin waya biyu suna reto a tambayi me ke tsakaninsu. Ban yi tunanin abin da haɗin zai faɗa ba. Hannuwana duk toka ne, haɗin ya yi baƙi kamar ya shekara a wurin.

Ba a tambaye ni komai ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Maiɗakina ta kai 'yan biyu gidan yayarta. Na sauko da jakar, na shimfiɗa tsohuwar jarida a baranda.

Robar akwatin ta narke ta dunƙule, amma na sa wuƙa na ɓanɓaro rile, wato ɗan makunnin da ke buɗewa ya rufe da kansa bisa umarnin na'ura. Rubutun jikinsa yana karantuwa: amfiya goma, wato iyakar wutar da yake iya ɗauka. Na duba hoton da na ɗauka na farantin bayanai da ke jikin injin tun kafin in fara aikin: amfiya bakwai. Bakwai bai kai goma ba. Na yi lissafin ta hanya uku, na shigar da shi manhajar gwaji da muke amfani da ita a kwas, na kunna na kashe sau ɗari. Babu abin da ya yi zafi.

Ashe mai yiwuwa ne ba akwatin ba ne. Inji tsoho ne. Wutar unguwar ba ta da tabbas. Ɓera ma yana cin waya.

Na ci abinci sosai, karo na farko cikin mako.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe tara na safe

Gwajin tsiro: ƙwaya ɗari na gero daga kanta ta huɗu, a kan jiƙaƙƙiyar takarda tun Alhamis. Goma sha huɗu suka tsiro. Bara casa'in da ɗaya.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida na safe

Na rubuta tambaya a dandalin ɗaliban kwas. Na ɗauki rabin awa ina gyara ta. Na fara da "wani abokina", na goge. Na sa "a ce mutum yana da", na bar shi haka. Rile mai goma, inji mai bakwai, ko akwai abin tsoro?

Bakwai bai kai goma ba. Ina son wani ya faɗa mini haka da bakinsa, shi ke nan.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

An amsa. Wani ne mai hoton kyanwa a maimakon fuskarsa. Layi biyu: "Bakwai yake ja bayan ya riga ya tashi. Nawa yake ja a lokacin tashi? Koma mako na tara."

Ban buɗe ba. Akwai rahoton asarar iri da Darakta ke jira.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe bakwai saura kwata na safe

Na buɗe.

Kwas ɗin injinan lantarki mako goma sha biyu ne. Kowane mako yana da bidiyon darasi da ɗan gwaji a ƙarshe, kuma ana barin ɗalibi ya maimaita gwajin iya son ransa har ya ci. A shafin mako na tara, gwajin yana da koren maki: ɗari bisa ɗari. A ƙarƙashinsa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta: yunƙuri shida. Layin bidiyon kuwa fari fat, ko minti ɗaya ban kalla ba.

Na tuna makon. 'Yan biyu sun kwanta zazzaɓi tare, muna zirga-zirgar asibiti, wa'adin kwas yana ƙarewa. A bencin jira na zauna da waya ina zaɓen amsa, in faɗi, in lura da wadda ta yi ja, in sake. A karo na shida duk suka yi kore. Na ce zan dawo in kalli darasin idan yara sun warke. Suka warke. Takardar ta fito da casa'in da shida.

Darasin minti arba'in ne. Malamin, wani dattijo mai farin allo, ya faɗi abin tun a minti na uku: inji irin wannan, a daidai lokacin da zai tashi, yana jan ninki biyar ko shida na abin da ke rubuce a jikinsa. Ƙaramin rile yana jurewa sau ɗaya, sau ɗari, amma kowane tashi yana ƙona bakinsa kaɗan, har ranar da bakin biyu za su narke su manne. Daga nan na'ura za ta ba da umarnin kashewa, ta ɗauka an kashe, wuta kuwa tana wucewa. Ya ce, yana murmushi, wannan shi ne kuskuren da ya fi gani a wurin masu koyo.

Na tsayar da bidiyon. Na sa gilashin ƙara girma da nake duba iri da shi a kan rile ɗin. Bakin biyu a manne suke.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Bakwai sau shida, arba'in da biyu.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Sakatariyar Darakta ta bar daftarin rahoton kwamiti a kan injin kwafi, na karanta shafin ƙarshe a tsaye. Shawara: a sallami mai kula da wayoyi bisa sakaci mai tsanani. Saura masa wata takwas ya yi ritaya. Za a aika da rahoton hedkwata ranar Juma'a, 28 ga wata.

Na rubuta kalmar "haɗari" a rahotona na iri, na soke. Na rubuta "abin da ya faru". Shi ma ban gamsu da shi ba.

Har yanzu ba a tambaye ni komai ba. Na lura na fara ɗaukar wannan a matsayin hujja, alhali ba hujja ba ce.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je gaishe da Baba. Ya kamata in je tun makon farko. Kowa ya je.

Na same shi a ƙofar gida kan kujerar roba, yana ƙoƙarin gyara rediyon maƙwabci da hannun hagu, ya danne ta da gwiwa. 'Yarsa, wadda ke koyarwa a firamare, ta kawo mini ruwa ba ta ɗaga ido ba.

"Injiniyan Intanet," ya ce. "Na ɗauka kai ma an dakatar da kai daga gaisuwa."

Na ce aiki ne ya yi yawa. Na tambayi hannu. Ya ce hannu da sauƙi, kunne ne ke ciwo: an fara cewa a unguwa wai ya sayar da makunnin kariya ya haɗa waya kai tsaye. 'Yarsa ta ji a bakin iyayen yara.

"Shekara talatin da ɗaya," ya ce, "ko ƙusa ban taɓa kaiwa gida ba. Riƙe mini nan."

Na riƙe masa rediyon, ya sa sukudireba.

"Sun kai ni ɗakin don in ga aikina," ya ce, idonsa a kan rediyon. "Na ga haɗin. Ni dama nake murɗa waya, wannan hagu aka murɗa. Kuma na ga ramin ƙusa biyu a bango, sababbi, tazararsu kamar taƙi ɗaya. Tsohon makunnina ƙusa huɗu ne. Bango dai ba ya huda kansa."

Ni bahago ne. Duk tashar ta sani.

Na ce, "Baba, ka gaya musu?"

"In ce me? Rami na gani, ban ga abin da aka rataya ba. Ba na rantsuwa a kan rami." Ya murɗa, rediyon ta yi tari ta kama. "Wanda ya san abin da ke wurin yana da baki. Sake ta, ta gyaru."

Na yi sallama. Ya ce in gaida 'yan biyu. Ban tuna yadda na iso gida ba.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Maiɗakina ta ajiye mini shayi, ta ajiye jakar kusa da shi.

"Baban 'yan biyu, kwana goma sha takwas bargunana suna ƙaurin roba. Na yi shiru ina jiran ka gama auna maganar, na ga ma'auninka ba ya cika."

Na gaya mata. Ban taɓa jin muryata tana faɗin abin ba. Ya fi gajarta fiye da yadda na zata, bai kai minti biyar ba. Ta saurara, hannunta a kan murfin fulas.

Na ce akwai aikina, akwai yara, akwai yiwuwar a kai maganar gaba.

"Na sani," ta ce. "Ina jin tsoro, kada ka ɗauka ba na ji. Amma tsohon nan shi ya zo ya gyara mana wuta ranar da na dawo daga asibiti da yaran nan, ya ƙi karɓar ko ruwa. In ka yi shiru, da wane ido zan dube shi a hanya? Kai kana iya rufe kanka a ɗakin iri. Ni kasuwa ɗaya muke zuwa da 'yarsa."

Na ce ina neman kalmomin da suka dace.

"Ka je da waɗanda ba su dace ba," ta ce. "Shayinka ya huce."

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Na shirya wa fushi, na shirya wa 'yan sanda ma. Abin da ya faru ban shirya masa ba.

Ƙarfe tara na shiga ofishin Darakta, Injiniya tana ciki. Na ajiye dunƙulen robar a kan tebur, da tsohon makunnin da na ɗauko daga ƙasan durowata, na faɗi komai bi da bi, har da haɗin ranar Litinin.

Darakta ya dube ni ta saman tabarau, ya yi murmushi.

"Malam, na san kana da tausayi. Duk muna tausayin tsoho. Amma wannan ba hanya ba ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba tausayi ba ne. Ni na haɗa shi."

"Kai? Kai da ko fankar ofishinka sai an kira maka Baba?" Ya juya dunƙulen da bakin biro. "Wannan ai ko cajar waya ce ta narke, haka za ta yi."

Na nuna takardun kwas a wayata. Injiniya ta duba, ta miƙo mini.

"Ƙanwata tana da irin waɗannan guda uku," ta ce. "Ba ta iya canja ƙwan fitila ba. Ba na raina ka, Malam, amma ba zan rubuta wa hedkwata cewa masanin tsirrai ya ƙera na'urar sarrafa inji ba, bisa shaidar roba da ta narke. Makunnin nan kuwa, za a ce tsohon ne ya ba ka ka kawo."

Na fahimci Darakta ma. Idan babban ma'aikaci ne ya canja kayan wuta wata huɗu ba wanda ya sani, tambaya za ta hau sama, har kujerarsa, har ƙorafina uku da ba a amsa ba. Idan Baba ne, ta tsaya a ƙasa. Ya ce in je in huta, rahoto ya riga ya kammala.

Shekara biyu ina son a yarda na iya. Ban taɓa zaton ranar da zan fi bukatar a yarda ita ce wannan ba.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na tare Injiniya a wurin ajiye motoci. Na ce akwai tsohon inji irin wanda ya ƙone a sito, yana aiki. Idan na sake haɗa akwatin, ya yi a gabanta abin da na ce ya yi, za ta rubuta?

Ta ce, "Ka san abin da kake nema wa kanka?"

Na ce na sani.

"Alhamis, ƙarfe goma. A fili, nesa da gini. Kuma ba zan bar ka kai kaɗai da babban layi ba. Ka nemo wanda ya san wuta."

Mutum ɗaya na sani.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na wuni a baranda da ƙarfen narka dalma. Ina da ragowar kayan, har da rile ɗaya daga cikin biyun da na saya tare.

Ban san haɗa kuskure da gangan yana da wuya haka ba. Hannuna yana ta kai wa inda ya kamata a sa fis mai yanke wuta idan ta yi yawa, inda ya kamata a sa abin da zai tabbatar wa na'ura cewa wutar ta yanke da gaske kafin ta aiko da saƙo. Yanzu na san su duka. Sai in janye hannun, in duba tsohon zanena, in yi yadda mutumin wata huɗu da suka wuce ya yi. Abu ɗaya na canja: na sa ya kunna ya kashe kowane minti, tunda ba mu da wata huɗu.

Tsorona ya juya. Idan bai manne ba fa? Wancan ya jure ɗaruruwan tashi. Idan wannan ya jure har Injiniya ta gaji, Juma'a rahoto zai tafi yadda yake.

Na aika wa Baba saƙo ta wayar 'yarsa. Amsar kalma biyu ce: "Zai zo."

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mun kafa injin a kan bulo a filin bayan sito. Baba ya zo da hannunsa a naɗe, ya duba akwatin ciki da waje. Ya sa aka ɗaura nasa makunnin a bayan nawa, ya tsaya kusa da shi, ya sa maigadi ya kawo bokitin yashi. Darakta ya ce minti goma zai ba mu. Ma'aikata suka taru a inuwa kamar masu kallon dambe.

Injiniya ta maƙala mitarta a waya. Injin ya tashi. Ta dubi mitar, ta ce a sake. Ya sake tashi.

"Amfiya talatin da tara," ta ce, ba da ni take ba. Ta juyo. "Wa ya rubuta manhajar?"

Na ce ni. Ta yi mini tambaya huɗu, na amsa uku, ta huɗun na ce ban sani ba. Ta ciro fensirinta.

Tashi ashirin, babu komai. Darakta ya tafi. Arba'in, masu kallo suka ragu. Wani ya ce, "Injiniyan Intanet, ko sai an sa masa data?" Rigata ta jiƙe. Na kama kaina ina roƙon Allah abin da na ƙera ya lalace.

A na sittin da bakwai wayata ta yi ƙara, kamar yadda take yi duk lokacin kashewa. Ban duba ba, na miƙa wa Injiniya. Ta karanta a fili: "An kashe inji."

Injin yana ta ruri a gabanmu.

Wani siririn hayaƙi ya fito ta gefen akwatin, da wannan ƙaurin. Baba ya bar shi daƙiƙa biyar, ina jin domin kowa ya gani da kyau, sa'an nan ya sauke makunninsa da hannun hagu.

Injiniya ta ce a kira mata Darakta, a kuma kawo mata daftarin.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Rahoto ya tafi. Sunan da ke shafin ƙarshe ya canja.

Talata, 1 ga sabon wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Takardu biyu suka fito jiya. Ta Baba ta janye dakatarwa, ta kuma ambaci abin da ya yi ranar gobarar. Injiniya ce ta nace a manna kwafinta a allon sanarwa. Tawa ta dakatar da ni har hedkwata ta yanke hukunci, a kan akwatin da kuma a kan abin da na yi ranar Litinin. Na biyun ya fi nauyi, kuma daidai ne ya fi. Ban san abin da za su yanke ba. Maiɗakina ta karanta takardar sau biyu, ta ninke ta, ta tambaye ni ko zan iya ɗauko yara daga makaranta tunda yanzu ina da lokaci.

Yau da safe na je miƙa mabuɗai da rajistar iri. Na bar wa mataimakiyata jerin ambulan ɗari biyu da sittin da ya kamata a shuka a daminar nan kafin sauran ransu ya ƙare.

A bakin ƙofa na haɗu da Baba, yana shigowa da jakar kayan aikinsa a kafaɗar hagu. Na gaishe shi. Na fara jimlar da na shirya tun jiya, ya ɗaga hannun da ke naɗe.

"Bar shi, ɗana. Ka yi abin da ya kamata, ban hana maka wannan ba." Ya gyara jakar. "Amma 'yata ta riga ta ji abin da ta ji, kuma ba kowa ke karanta allon sanarwa ba. Kwana ashirin ka makara."

Ya wuce ciki. Bai kira ni da sunan da ya raɗa mini ba.

Da na dawo gida na ƙirga a kalanda, daga uku ga wata zuwa ashirin da huɗu. Ashirin da ɗaya ne. Baba ba ya kuskuren lissafi. Ban sani ba ko mantawa ya yi, ko ɗaya ya yafe mini.